Bushiya da Ƙurar Fiffike

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta da kunnenmu.

Bushiya ce dai, kullum da damina tana laɓe cikin tafasa a fadama, tana kallon wani malam-buɗe-littafi mai ruwan ɗorawa. Burinta kawai ta ga zanen fiffikensa kusa-kusa kafin ciyawa ta bushe ya tafi.

Tsada, 'yar tsuntsuwa, ta leƙo ta ce, "Ke Bushiya, yi masa magana mana!"

"Wayyo Yaya Tsada, rufa min asiri. In ya ga ƙayoyina fa?"

Tsada uwar surutu ta je ta fesa masa. Sai ga shi ya sauko.

"Sannu 'yar'uwa, an ce kina nemana."

Bushiya ta dunƙule yadda ta saba. Tana jin sa a bayanta yana cewa, "Buɗe mana, yau za mu wuce." Ta so, jikinta ya ƙi.

Da ta warware, ba kowa, sai 'yar ƙura rawaya a tsinin ƙayarta. Har yau in hadari ya haɗo, rami take gudu, kar ruwa ya wanke mata ita.

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera.