Fararen Tabo a Kumatun Maimuna

Akwai wata mata a Dangora ta ƙasar Kiru, wajen shekarar 1991, mai suna Saudatu. Tsafta ce abin taƙamarta. Sau uku take yi wa 'yarta Maimuna wanka a rana, da soso da sabulun soda na wanki, har sai fatar ta yi ƙara.

Wata safiya sai ta ga fararen tabo guda uku a kumatun yarinyar. Ta goge, ba su fita ba. Ta ƙara wanka ya zama huɗu, tabo ya zama biyar.

Nan fa kowa ya zama likita. Surukarta ta ce tsaka ce ta yi wa yarinyar fitsari. Maƙwabciya ta ce tsutsar ciki ce. Wata ta rage murya ta ce Allah dai ya sa ba kuturta ba ce. Saudatu ta shafa tafarnuwa, ta shafa toka, ta rasa ta wa za ta kama. Tsoro ya hana ta cin abinci.

A wani gidan suna aka tambaye ta, "Ko yarinyar ta sha nono a kan kifi?"

Sai ta tuna Inna Furera, dattijuwar rugar bayan gari da ke kawo musu nono kullum. Ba ta ma tabbatar an ci kifi a makon ba, amma ta samu inda za ta sauke kayanta. A gaban mata ta ce, "Nonon Inna Furera ne! Allah kaɗai ya san abin da take zubawa a ciki."

Kafin Juma'a, babu gidan da ake amsa wa Inna Furera sallama a ce ta shigo.

Da tabon ya ƙi tafiya, mijinta Maikano ya ɗauke su zuwa asibitin Kiru. Malamin asibitin, Malam Jibrin, ya sa Maimuna ta rufe ido, ya shafa mata auduga a kan tabon. Yarinya ta ƙyalƙyale da dariya.

"Tana ji sarai, ba kuturta ba ce," in ji shi.

"To nonon ne, Malam?"

"Wane nono? Fararen tabo iri-iri ne. Akwai ƙyasbi, akwai makero, akwai wanda ƙurji ke bari in ya warke. Nata bushewar fata ce. Da me kike mata wanka?"

Saudatu ta faɗa. Ya ajiye biro ya dube ta. "Sau huɗu? Baiwar Allah, yarinya ce ko zanen gado? Ki rage wankan, ki canza sabulu, ki riƙa shafa mata mai."

Kunya ta rufe ta har ta kasa ɗaga kai.

Washegari ta nemi izinin Maikano ta nufi ruga. Ta tarar da Inna Furera zaune gaban ƙwarya uku na nonon da ya yi tsami, babu mai saye. Duk kalaman neman gafarar da ta shirya a hanya suka gudu.

Dattijuwar ce ta fara magana. "'Yata, yaya fuskar jikata? Kwana goma ina son in leƙo, na ji tsoron kada ganina ya ɓata miki rai."

Saudatu ta durƙusa a gabanta, ta fashe da kuka.

Darasi: In ciwo ya ruɗe ka, nemi mai sani kafin ka nemi mai laifi, domin kalma ɗaya ta zargi na iya raba bawan Allah da abincinsa. Ku tura wa iyaye 'yan'uwanku su ma su karanta.