Kiɗan Kokawa a Faretin Ɗaya ga Oktoba

Wallahi 'yan shafin nan, na san ba za ku yarda ba. Ni da nake taƙamar babu wanda ya kai ni tsokana daga Gwandu har Kalgo, ranar sai da na riƙe baki.

Akwai wani ɗan kabu-kabu a ƙauyenmu, kusa da Malisa, ana ce masa Ashiru. Tare muka tsere daga makaranta a aji biyu na sakandare, amma har gobe cika baki yake wai ba a taɓa yin mai gangar fareti kamarsa ba.

Bara iska ta yaye kwanon rufin ɗakin 'yan aji huɗu na firamaren ƙauyen. Sai aka sanar cewa makarantar da ta zo ta ɗaya a faretin ranar 'yancin kai za a ba ta kwanon rufi. Shugabar makarantar, Malama Zulai, ta yi mako uku tana horar da yara cikin rana, hagu-dama, hagu-dama, har ƙafafunsu suka daidaita kamar na soja.

Ana gobe biki zazzaɓi ya kwantar da mai gangarsu. Ashiru ya kai kansa, ya ce a bar masa. Malama ta haɗa shi da Allah ya ajiye halinsa na yini ɗaya. Ya dafa ƙirji.

Ɗaya ga Oktoba fili ya cika maƙil, ko'ina tuta kore-fari-kore. Aka rera taken ƙasa, alƙalai suka gyara zama. Yaranmu suka shigo a tsare, jama'a har sun fara tafi.

Daidai gaban rumfa, inda ake juya kai dama a sara wa babban baƙo, sai Ashiru ya kashe mini ido, ya juya kiɗan zuwa na kokawa.

Jama'a, yaran karkara ne fa, da kiɗan nan suka tashi. Layin gaba ya fara rangaji, na baya suka yi karo da su. Wani tsohon ɗan kokawa ya tuɓe riga ya faɗo fili yana kirari. Babban baƙo ya sandare, hannu a goshi, ya rasa wanda yake amsa wa gaisuwa.

Malama Zulai kuwa tsugunawa ta yi ta rufe fuska da mayafi. Yaranmu suka zo na ƙarshe.

Gogan ya hau babur sai Kalgo, gidan gwaggonsa Inno, yana ba ta labari yana ƙyaƙyata dariya. Ta dama masa fura, ta zare makullin babur ɗin, ta kira mahaifinsa, Malam Zubair.

Washegari tsohon ya tasa ƙeyarsa har ƙofar sabon ɗakin da Ashiru ya gama rufewa saboda aurensa. Ya jingina tsani, ya miƙa masa guduma, ya ce ya hau ya ɓamɓare kwanon kaf a kai makaranta.

"Baba, biki saura wata guda. Ina amarya za ta zauna?"

"Ƙarƙashin darbejiya, inda 'yan aji huɗu suke zama. Hau."

Darasi: Duk wasan da zai rushe wahalar wani ba wasa ba ne, zalunci ne, kuma mai shi zai biya da abin da ya fi so. Ku tura wa matsokanin unguwarku kafin bikin bana.