Abin da Ya Cinye Gashin Mazaunan Bika

Ga ta nan, ga ta nanku, kuma wanda ya katse ni zan kore shi.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

Bika ne, wato gwaggon biri, ɗan kokawa. Ƙarfi kam akwai, sai dai gashi ya yi masa yawa. Bara Kura ta cusa yatsu cikin gashin nan ta fyaɗa shi da ƙasa, a gaban surukansa. Da aka sa ranar kokawar bana, ya rantse sai ya shiga fili jikinsa sumul kamar bayan ƙwarya.

Ya tafi wurin Zomo wanzami. Zomo ya ce, "Sai na gasa aska a wuta, na jiƙa gashin da ruwan ɗumi da sabulu, sannan in bi a hankali. Aikin yini ne."

Bika ya ce, "Ni zan yini a hannun ɗan tsurut kamarka?" Ya fice.

Ya tafi wurin Tunkiya mai almakashi. Ta ce, "Ni ragewa nake yi, ba na taɓa fata."

Ya ce, "Ragewa? Kura ko sili ɗaya ta samu sai ta riƙe." Ya fice.

Ashe Gizo na laɓe yana ji. Ɗan banza mara tsoron Allah! Ya ruga ramin majema, inda suke jiƙa fatun dabbobin da aka yanka cikin toka da kanwa don gashi ya zube, ya ɗebo kasko guda, ya yi sallama a gidan Bika.

"Yanka ya daɗe, ga maganin shayakuna. Kafin ka ƙifta ido gashi ya tafi. Damin geyo kawai za ka ba ni."

Kande matar Bika ta toshe hanci. "Maigida, ban yarda da warin nan ba. Ɗiga kaɗan a bayan hannu tukuna, ya kwana mu gani. Kai kuma Gizo, ga ƙafafunka nan buzu-buzu, shafa mana mu kalla!"

Gizo ya ja da baya. "Ai ni gashina na gado ne, ba a taɓawa."

"Ka ji ko, Maigida? Ka ji ko?"

Bika ya daka mata tsawa. Ku ji wauta, jama'a! Mai maganin ya ƙi shafawa, shi kuwa ƙaton ya tuɓe ya zauna daram cikin kasko, wai daga ƙasa za a fara.

Jim kaɗan ya ce, "Gizo, ƙaiƙayi!"

"Aiki ya faya."

Ya ce, "Gizo, zafi!"

"Aiki yake yi."

Ya ce, "Gizo, wayyo, wuta!"

Tuni Gizo ya saɓi damin gero ya kai ƙofa.

Bika ya yi tsalle ya faɗa rafi. Da ya fito, gashin mazaunai ya tafi, fatar ma ta bi shi, wurin ya yi jajawur. Ranar kokawa yana kwance rub-da-ciki yana jin ganguna daga nesa, Kura na zagaye fili tana cewa, "Ina Bika? Ko tsoro ne?"

Kande kuwa ba ta haƙura ba. Ta ɗauki muciya ta bi Gizo har gida, ya haye rufin ɗaki ya maƙale a kusurwa. Yana can har yau. Bika ma har yau gashin bai fito ba, ku duba shi in ya juya baya.

To ku da kuka fara girma, ku buɗe kunne. Abin da aka yi don matacciyar fata ba na mai rai ba ne. Duk abin cire gashin da aka kawo muku, ku tambayi da me aka haɗa shi, ku gwada a ɗan wuri ya kwana. In aska ce, ta zama mai tsabta, a hannun wanda ya iya. In kuwa ya fara zafi aka ce muku aiki yake yi, ku wanke shi nan take, ku kori mai faɗin.

Ƙungurus kan kusu, ku tashi ku ba ni wuri.