Abin da Ya Sa Shirwa Take Kewaye

Ga ta nan, ga ta nanku, ku bar mutsu-mutsu.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Ranar da za a kai ƙanwar Shirwa ɗakin miji, Shirwa ta sauka gidan Kaza mai kitso a rage mata gashin fukafukai. Kaza ta gama na dama ke nan, sai ga kalangu ya tashi.

Shirwa ta zabura ta ce, "Sake ni, za a kai amarya ba ni!"

Kaza ta ce, "Yaya, zauna in yi na hagun. Duk mai tashi sama, gefensa biyu daidai suke. Ko jaki ba a ɗora masa kaya ɓari guda."

Shirwa ta ce, "Ke da ba ki taɓa tsallake danga ba, ke za ki koya mini tashi?"

Ta yi sama abinta. Dogon fiffike ya rinjayi gajeren, da ta miƙi hanyar biki sai ta sake ganin kanta bisa gidan Kaza. Aka kai amarya, aka wanke tukwane, tana ta kewaye.

Har yau tana can. Girman kai ya hana ta sauka a ƙarasa mata, sai dai in haushi ya ci ta, ta suri ɗan tsako.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. Ku tashi ku ba ni tabarmata.