Iyaka Kuka

A zamanin da, tun daji ya fi gari yawa, an yi wani babban sarki da ake kira Tunau, yana da ƙananan sarakuna bakwai a ƙarƙashinsa, kowanne da zuriyarsa da ƙasarsa. Ƙananan nan ba sa shekara ba su fasa wa juna kai a kan makiyaya da mashaya ba. Da abin ya ishi Sarki Tunau sai ya sa aka yi shela: kowane sarki ya zo fada ya faɗi asalinsa da iyakar ƙasarsa. Abin da aka tabbatar ya tabbata har abada. Abin da aka kasa tabbatarwa ya koma hannun fada, mutanen da ke kai su kwashe kafin ruwan farko.

Mafi ƙanƙanta a cikin bakwai ɗin su ne Tsintawa. Garinsu a kan tudu yake, tsakuwa zalla, ko gero ba ya son wurin. Abincinsu duk yana gabas da su, can ne fadama da kogi da makiyaya, can ne kuma kaburburan iyayensu. Tsakanin ganuwa da fadamar akwai wata tsohuwar kuka, ba ta wuce harbin kibiya daga ƙofar gari ba. Ku riƙe itaciyar nan a rai, don ita ta kusa cinye su.

Sarkinsu Jatau jarumi ne, amma in ya shiga taro harshensa nauyi yake yi. Saboda haka ya tafi da gwaggonsa, Magajiya Tasalla, wadda labarin asali ke bakinta. Ba ta san baƙin rubutu ko ɗaya ba. A wurin kakarta ta karɓa, tana yarinya tana tsefe mata kai, kuma ba ta yarda an ƙara ko an rage mata kalma.

Suka isa fada ranar Juma'a da hantsi. Ga Sarki a kan karaga, ga Waziri Nomau a damansa. Shi Wazirin nan shanunsa sun fi ƙarfin makiyayarsa, ya daɗe da sa wa fadamar Tsintawa ido. Tasalla ta durƙusa, gwiwoyinta suka yi ƙara, ta fara.

"Allah ya ja zamanin Zaki. Kakanka na tara, Sarki Gagare, ya fita farauta da bazara, ruwa ya ƙare musu. Ya aika mafarauta huɗu, gabas da yamma, kudu da arewa, su nemo. Rana ta take tsaka, dawakai sun fara faɗuwa, sai aka ji kukan jariri. Sarki ya ji. Mafarautan nan huɗu kowa ya ji daga inda yake. Suka biyo murya, suka tarar da yaro kwance a bakin idon ruwa, barewa tana ba shi nono. Suka sha, suka rayu. Sarki ya ɗauki yaron ya ce, sunansa Tsintau, na ba shi ƙasa, iyaka kuka. Duk inda kukansa ya kai, nasa ne. Mu ne jikokinsa, shi ya sa har gobe ba ma cin barewa."

Waziri ya yi murmushi ya ce, "Iya, tatsuniyar ta yi daɗi. Sai dai wane jariri ne kukansa ke cin tafiyar yini?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, da ka taɓa goyo da ba ka tambaya ba."

Fadawa suka cusa baki cikin rawani. Waziri bai yi dariya ba. Ya sa hannu a riga ya zaro wata tsohuwar fata da aka ɗauko daga akwatin fada, ya warware, ya karanta: "An ba Tsintau ƙasa, iyaka kuka." Amma da ya zo ƙarshe sai ya sauke murya, yadda mace kan ce miyar kuka.

Ya ce, "Zaki ya ji. Kuka dai itaciya ce, tana nan tsaye a ƙofar garinsu. Daga gindinta zuwa ganuwa nasu ne. Daga gindinta zuwa Mashigin Na-ji-shi, inda kogi ya karkata, na fada ne."

Hannun Jatau ya tafi neman takobi. Tasalla ta take masa gefen riga da gwiwa, ba ta ko dube shi ba. Ta juya wajen alƙalin fada ta ce, "Malam, duba mini don girman Allah. Abin da ke cikin fatar nan, na miya ne ko na hawaye?"

Alƙali ya karɓa, ya duba, ya sake dubawa. Ya ce, "Iya, tawada ba ta da murya. Baƙaƙen duk ɗaya ne. Mai karatu shi ke riƙe murya sama ko ya sauke ta."

Waziri ya ce, "To ga abu biyu a gaban Zaki. Ɗaya ana taɓa shi da hannu, ana hutawa a inuwarsa. Ɗaya kuwa iska ta tafi da shi tun shekara ɗari uku."

Sarki ya ce, "Magajiya, bakinki shaidar gidanku ne. Ki kawo mini shaidar da ba ta fito daga Tsintawa ba, kafin la'asar. In babu, iyaka itace."

Suka fito suka zauna a inuwar zaure. Jatau ya ce, "Gwaggo, mu koma mu yi shirin yaƙi."

Ta ce, "Da mutum nawa? Ka zauna, Jatau, numfashinka na hana ni tunani."

Ita ma ba ta da dabara. Tana ganin inuwa tana tsawo, tana tuna matan da suka riga suka zuba taki a fadama, da kabarin kakarta da shanun Waziri za su taka. Ta nemi shaida a ranta ta rasa, don duk wanda ya san labarin nan jinin Tsintau ne.

Aka sauko daga masallaci. Al'adar fadar nan, kowace Juma'a makaɗa kan tsaya a ƙofa su kaɗa taken sarakunan da suka wuce, ɗaya bayan ɗaya. Jauje suke kaɗawa, gangar nan mai igiyoyi da ake ratayawa a matse da damtse. In an matse, muryarta ta hau. In an saki, ta sauka. Da haka take magana kamar mutum. Tasalla ba saurare take ba, sai ta ji leɓunanta suna motsi da kansu. Wutsiyar wani take ta faɗo daidai da maganar kakarta, iyaka kuka, bugu biyu na ƙarshe a sama, ba su sauka ba.

Ta kama hannun mai tsaron ƙofa ta ce, "Ɗana, taken wa aka gama yanzu?"

Ya ce, "Na Gagare ne, Iya. Ba a rera shi, kaɗawa kawai ake yi. Sarki da Sarkin Makaɗa kaɗai suka san kalmominsa."

"Wane ne Sarkin Makaɗan?"

"Korau. Ga shi can, mai sabuwar riga. Waziri ne ya ba shi shekaranjiya, ɗan gidansa ne."

Tasalla ta dubi Korau. Ba ta san kalmomin taken ba, kunnenta kawai ta yarda da shi, kuma kunnen tsohuwa yakan ji abin da yake so. Ga mai gangar sanye da rigar abokin gaba. Amma inuwa ta kai gindin bango, ba sauran wata ƙofa.

Da aka koma zama ta ce, "Zaki, shaidata tana gidanka. A kira mini Sarkin Makaɗa da gangarsa."

Korau ya shigo ya faɗi ya yi gaisuwa. Ta ce, "Ɗana, sa gangarka ta ce mini kuka, ta miya." Ya matse ya buga, ya saki ya buga. Murya ta hau ta faɗo. Ta ce, "To ta ce kuka, na hawaye." Ya matse ya buga sau biyu, bai saki ba. Mutane suka gyaɗa kai, don ko yaron goye ya ji bambancin.

Ta ce, "Yanzu kaɗa wa Zaki taken kakansa Gagare."

A nan Waziri ya gane inda aka dosa. Sai ya shafa wuyan rigarsa, yana duban rigar Korau. Korau ya ga hannun. Ya gyara rataya, ya sake gyarawa, ya ce fatar ta yi sanyi.

Tasalla ta ce, "Ba ni za ka yi wa ba, ba kuma Waziri ba. Riga takan tsufa. Ka kaɗa yadda ubanka ya sa maka a hannu, mai taken yana jin ka daga inda yake kwance."

Korau ya fara. Fada ta yi tsit, ba mai duban fuskarsa, kowa damtsensa yake kallo. Taken ya yi tafiya, ya zo gangara, ya zo wutsiya. Tasalla ta rufe ido. Bugu na farko ya tashi a sama. Na biyu ya bi shi a sama. Korau bai saki ba.

Sai Sarki ya faɗi kalmomin a hankali, yadda aka koya masa yana ƙarami: "Gagare mai kyautar ƙasa, ka ba maraya, iyaka kuka." Muryarsa ma ba ta sauka ba. Ya ce, "Kowace Juma'a nake jin wannan. Kunne ya saba da abu har ya daina jin sa."

Waziri ya ce, "Ko da hakan ne, Zaki, wa ya san inda kukan ya tsaya?"

Tasalla ta ce, "Kai ka sani, ranka ya daɗe, da bakinka ka faɗa ɗazu. Mashigin Na-ji-shi. Wa aka ji a can? Nan mafaraucin gabas ya tsaya ya ce, na ji shi. Sauran ukun ma suna da wurarensu, kowa a ƙasar nan ya san sunayen, ku ne dai ba ku tambayi dalili ba."

Sarki ya dubi Waziri ya ce, "Ka karanta mini fata da muryar shanunka. Ajiye rawanin." Ya yanke cewa Nomau zai zaga iyakar Tsintawa da ƙafa, ya kafa dutse da hannunsa a wuraren nan huɗu. Ya sa alƙali ya ƙara a fatar, kuka na hawaye, don kada wani mai karatu ya sake cin ƙasar mutane da harshe. Korau kuwa ya tuɓe sabuwar rigar ya ajiye a gaban fada, Sarki ya ba shi wata.

Kwana uku suka yi a hanya. Da suka iso ƙofar gari, Jatau ya dubi tsohuwar itaciyar ya ce, "Gwaggo, gobe zan sa a sare ta."

Ta ce, "Ka sare ta mu ci tuwo da me? Ita ba ta yi ƙarya ba, ƙarya aka yi mata. Miƙa hannu, kai ne dogo."

Sarkin Tsintawa ya miƙe a kan sirdi ya tsinko ganye, ta ƙulle a bakin zane. Ta bubbuga jikin itaciyar ta ce, "Ke dai tsaya a aikinki na miya."

Nan labarin ya tsaya, iyakarsa ke nan, wanda zai ba wani kada ya sauke murya a inda ba a saukewa.