Rijiyar Tabawa a Gindin Baƙin Dutse

A zamanin da, tun giwaye na kiwo a inda kasuwa take yanzu, wani maharbi mai suna Barmo ya sauka da jama'arsa a gindin wani jan dutse. Barmo gagara daji, mai kwana da kibiya a hannu, haka ake masa kirari. Tare da shi akwai yayarsa Tabawa, mai sassaƙa dutsen niƙa. Shekara arba'in ta yi tana fasa duwatsu, har akan ce in ta lashi dutse takan san abin da ke ƙarƙashinsa.

Rani ya tsananta, tafki ya ƙafe. Barmo ya sa aka haƙa rijiya shida a kwari, duk busassu. Kullum Tabawa sai ta nuna masa wani baƙin dutse da ya ratsa jan daga sama har ƙasa kamar ɗamara.

"Jan nan shi ne babba," in ji ta. "Baƙin daga baya ya taso daga ƙasa a narke, ya keta shi. A mahaɗarsu akwai tsaga, nan ruwa yake bi."

"Yaya, dutse ai ba ya narkewa," in ji Barmo.

Dattawa suka kwana uku suna gardamar wanne ya girmi wanne, awaki na ta mutuwa. Tabawa ta kawo musu ɓallin baƙin dutsen da gutsuren ja a cikinsa.

"Ta yaya zai haɗiye abin da bai tarar ba?" in ji ta.

Suka ce aikin aljanu ne. Ta yi tsaki, ta tashi.

Rana ta huɗu ta tara mata, suka jibga itace a mahaɗar, suka hura wuta tun safe har la'asar. Sannan ta ɗauko tuluna biyu na ruwa da suka rage wa zangon duka. Barmo ya riƙe hannunta.

"In babu ruwa fa, Yaya?"

"Sai ka haƙa ta bakwai. Sake ni."

Ta sheƙa ruwan a kan dutsen mai zafi. Ya dare da ƙarar da aka ce an jiyo daga tafiyar yini guda. Suka kwashe ɓaraguzai, suka tarar da yashi mai laima, kafin su haƙa zurfin gaba biyu ruwa ya ɓulɓulo.

Barmo ya sha ya ƙoshi, ya goge baki, ya ce dama shi ma ya yi zaton haka.

Tabawa ta daɗe tana kallonsa. Nan take ta kafa doka guda. Gari ya kafu a wurin, rijiyar ba ta taɓa ƙafewa ba, kuma bisa dokar nan har yau namiji ba ya magana a bakinta. Sai dai ya ja gugansa, ya cika tulu, ya wuce.