Walƙiya da Haƙoran Tsohon Malami

Mijin ƙanwata mutumin kirki ne. Ba ya cin hakkin kowa, ba ya wasa da salla, amma Allah ya jarrabe shi da gaggawa da kuma "na sani". Tun kafin ka gama tambaya ya riga ya ba ka amsa. Aikin lodi yake yi a wani kamfanin kai saƙo, a can kuma Walƙiya suke kiransa, sunan da ya fi masa daɗi a kan nasa na yanka.

Siton kamfanin dogon ɗaki ne mai ƙofofi jere da juna. Kowace safiya motoci suna ja da baya su tsaya a bakin ƙofofin, masu lodi su cika su da kwalaye. Motocin duk launi ɗaya ne, kai ka ce kaza ɗaya ta ƙyanƙyashe su. Ƙofa biyu ne a hannun Walƙiya: ta farko motar hayin gada ke tsayawa, wadda wani direba da ake kira Dogo yake ja, ta biyu kuma motar bayan kasuwa. Burinsa kullum ya riga kowa rufe mota, ya haye kan benci da kofin shayi yana yi wa sauran tsiya.

"Mai Gemu, kwali kake ɗauka ko jariri? In ka gama lallashinsa ka goya shi!"

Mai Gemu, abokin aikinsa, sai ya yi murmushi kawai ya ci gaba da aikinsa.

Da koke ya yi yawa cewa saƙon wannan yana tafiya gidan wancan, sai manaja ya kawo wata ƙaramar na'ura, ya ba kowane mai lodi ɗaya. Aikinta ba wuya. Ka fara haska ta a kan sitikar da ke jikin ƙofar mota, sannan ka haska kowane kwali kafin ka saka shi. In kwalin na motar ne, ta yi ɗan ƙara gajere. In ba nata ba ne, ta tsala ihu kamar an taka wa akuya ƙafa. Manaja ya kuma ce wanda ya fi kowa tsabtar aiki zuwa ƙarshen wata, shi za a naɗa shugaban masu lodi.

Walƙiya ya dawo gida ya ce wa ƙanwata ta fara shiri.

"Baban yara, ka bari ya tabbata mana," in ji ta.

"Wa za a ba in ba ni ba? Mai Gemu? Kafin ya juya na yi lodin gari guda."

Sai dai na'urar ta tsaya masa a wuya. Ya ce tana rage masa sauri, kuma duk sa'ad da ta yi ihunta, sito gaba ɗaya sai an juyo ana dariya: "Walƙiya, akuyarka tana kira!" Da abin ya ishe shi, ya sami auduga ya cusa a bakin da ƙarar ke fita, ya naɗe da salatif, har ya rufe 'yar fitilar da ke nuna ja. Daga nan ya ci gaba da haska kwalaye don idon manaja, na'ura kuwa ta yi tsit kamar an yi mata rasuwa. Shi da idonsa yake aiki. Ya san unguwannin ƙofar farko, ya san na ta biyu, me wani ƙarfe zai koya masa?

Ranar ƙarshen wata, ranar da za a yi naɗin, tayar motar Dogo ta yi faci. Kafin bakanike ya gama gyara, motar bayan kasuwa ta riga ta shiga ƙofar farko, Dogo kuma ya tsaya a ta biyu. Ya sauko yana goge hannu da tsumma.

"Walƙiya, yau fa motata..."

"Na sani, na sani! Je ka sha shayinka, kada ka tare mini hanya."

Dogo ya ɗaga kafaɗa ya wuce. Walƙiya ya haska sitikar kowace mota ba tare da ya ɗaga kai ba, ya shiga jifa da kwalaye. Bai taɓa sauri irin na ranar ba. Ya rufe motocin biyu, ya zauna kan benci yana tambayar Mai Gemu ko a kawo masa matashi.

Hantsi bai gama dubar ludayi ba wayar manaja ta fara ruri. Dogo ya isa gidan farko a hayin gada, ya buɗe mota, bai ga kwali ko ɗaya na hayin gada ba. Ɗaya direban kuma yana bayan kasuwa, kwalin 'yan tsaki na yi masa kuka a kunne, mai su kuwa tana can ƙetaren ruwa tana jira. Mai shagon gyaran gashi ta kira, mai kemis ya kira. Manaja ya fito daga ofis gumi na zuba.

"Walƙiya, ba ka haska kayan nan ba ne?"

"Yallaɓai, ɗaya bayan ɗaya na haska. Ko tari ba ta yi ba."

"Kawo ta."

Manaja ya juya na'urar a hannunsa, ya kama bakin salatif ya yi ta warwarewa kamar mai kwance ɗaurin karaya. Da ya zaro audugar, ya ɗaga ta sama kowa ya gani. Mai Gemu ya duƙar da kai yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

"Akwai wani dattijo a hayin gada da ya kira ni har kunnena ya yi zafi," in ji manaja. "Ban gane rabin abin da yake faɗa ba. Hau babur ka je ka ba shi haƙuri da bakinka, kafin motocin su haɗu su yi musaya."

Dattijon tsohon malamin makaranta ne, yana zaune a tsakar gida kan kujerar roba, sanda a gefensa. Haƙoran roba aka aiko masa daga wurin likita. Tun da tsofaffin suka karye yake fama da abinci mai ruwa-ruwa, ranar kuwa matarsa ta soya nama tun da safe saboda an ce yau za su iso. Ga kwanon a rufe a gabansa, ƙamshi ya cika gida.

"Kai ne ka tura haƙorana kasuwa?" Maganar tana fita da iska, leɓɓansa suna shigewa ciki.

"Baba, a yi haƙuri, kuskure ne aka..."

"Aka? Wane ne aka? Ni na koyar da yara shekara da shekaru, ban taɓa ganin wani yaro mai suna Aka ba. Zauna!"

"Baba, ana jirana a wurin aiki, yau ne za a..."

"Ni ma jira nake. Zauna mu jira tare."

Ya sa sandar ta tare hanya. Walƙiya, wanda bai taɓa zama wuri ɗaya har shayi ya huce ba, ya zauna a kan turmi. Malam ya tambaye shi yadda abin ya faru, ya sa shi ya maimaita daga farko, ya sake sa shi ya maimaita. Da aka zo wurin audugar, ya kira matarsa.

"Zo ki ji mai hikima. An ba shi abin da zai faɗa masa gaskiya, ya toshe masa baki."

Matar ta leƙo ta ce, "Allah sarki. Ɗana, a kawo maka ruwa?"

"Kada ki ba shi komai da ake taunawa," in ji Malam.

Azahar ta yi, suka yi salla tare, suka koma suka zauna. Sai bayan la'asar Dogo ya yi sallama da ɗan kwali a hannu. Malam ya buɗe, ya wanke haƙoran, ya saka, ya motsa baki hagu da dama. Sannan ya dubi Walƙiya, muryarsa ta fito tar kamar a gaban aji.

"Yanzu da zan iya magana sosai, bari in sake yi maka faɗan daga farko, don ɗazu ba ka ji da kyau ba."

A gida kuwa ƙanwata ta yanka kaza kamar yadda ya umarta, ta gayyace mu ni da maigidana. Bayan magariba ya shigo, riga duk ƙura, ya zauna a hankali.

"To, yaya aka yi?" in ji maigidana.

Ya yi gyaran murya. "An ɗan ɗaga maganar. Ka san harkar kamfani."

Ƙanwata ta ajiye masa ruwan wanke hannu, ta ce, "Ikon Allah. Ɗazu kuwa matar Mai Gemu ta kira ni, wai in taya ta murna."

Muka ci kazar duk da haka, don ita ba ta da laifi.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Sauri ba shi ne iya aiki ba, kuma sabo da aiki ba ya hana kuskure, sau da yawa ma shi ke rufe wa mutum ido. Wanda zai gaya maka ka kauce, mutum ne ko na'ura, rahama ce Allah ya kawo maka. In ka toshe masa baki, ƙarar kawai ka kashe, kuskuren yana nan yana tafiya gidajen bayin Allah da ba su ji ba su gani ba. Kowane kwali amanar wani ce. Ka tsaya ka duba, ka bari ɗan'uwanka ya ƙarasa maganarsa kafin ka ce ka sani. Allah ya ba mu haƙurin sauraro, ya raba mu da aikin da-na-sani.